Manga na soyayyar maza: me ya sa mata ne ke zana shi, kuma su ne ke saye?

Zee_Manga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a yi min afuwa idan maganar ta yi nauyi. Duk wanda ya daɗe yana bin manga, littattafan labari cikin zane na Japan, ya san akwai wani sashe da ake kira BL, wato labaran soyayya tsakanin namiji da namiji. Ko ba ka neme shi ba sai ka ci karo da shi, don a manhajojin karatu yana nan jere da sauran. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, yawancin masu zana shi mata ne, masu sayensa a can Japan ma mata ne. To me mace take nema a labarin soyayyar da babu mace a ciki? Sannan waɗanda suka taɓa karantawa su faɗa mana tsakani da Allah, akwai labari a ciki ko batsa ce kawai aka yi wa kwalliya? Ba talla nake yi ba, tambaya ce.

Abu_Huzaifa:
Wa alaikumus salam. A'uzu billahi. 'Yar uwa, me za a tattauna a nan? Hukuncin abin a addininmu a fili yake, ƙissar Annabi Luɗu kuma kowa ya santa tun yana makarantar allo. Admin a goge kawai.

Admin_Kabiru:
Malam Abu mun ji. Ba za a goge ba, amma ga sharaɗi: ba hoto, ba adireshin wani shafi, ba zagi. Tambaya aka yi a kan adabin wata ƙasa, mai amsa ya amsa, wanda abin bai yi masa ba ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci.

Nura_Saitama:
Ni a Japan nake karatu, bari in faɗi abin da idona ya gani. A unguwar Ikebukuro da ke Tokyo akwai wani layi da ake kira Otome Road, shagunan wurin kusan duk don mata masu bin irin waɗannan littattafai aka buɗe su. Kuma ba wasu bauɗaɗɗun mutane za ka gani ba. Ma'aikatan ofis ne da jaka a kafaɗa sun taso daga aiki, da ɗalibai, da matan aure. A kantin littattafai na nan idan ka biya kuɗi, mai kanti zai tambaye ka ko a naɗe maka bangon littafin da takarda. To haka za ka ga mace zaune a jirgin ƙasa tana karatu hankali kwance, na kusa da ita bai san ko littafin lissafi ne a hannunta ba.

Dije_Kumasi:
Yaya Nura kai me ya kai ka layin? 😂

Nura_Saitama:
Dije ki ji tsoron Allah. Babban shagon Animate yana unguwar, can kowa yake zuwa sayen kayan anime, wato katun ɗin Japan.

Malama_Binta:
Zee, amsar tambayarki ta farko tana cikin tarihin abin. Kafin shekarun 1970, mujallun manga na 'yan mata maza ne suka fi yawa a cikin masu zana su. Sai wasu mata matasa, waɗanda aka haifa wajen 1949, suka shigo suka karɓe fagen. Biyu daga cikinsu, Takemiya Keiko da Hagio Moto, har gida ɗaya suka zauna a unguwar Oizumi ta Tokyo. Takemiya ce ta fitar da gajeren labarin da ake ɗauka a matsayin na farko a wannan layi, a 1970. Hagio kuma ta fitar da Toma no Shinzo a 1974, labarin da ta kai shi wata makarantar kwana ta maza a Jamus.

Ku lura da abu biyu: maza ne, kuma a Turai. Me ya sa? A lokacin, yarinyar cikin labari an riga an yanka mata iyaka. Ta yi kunya, ta jira, ta yi kuka, a ƙarshe a aure ta. Idan marubuciya tana son ta rubuta fushi, ko kishi mai zafi, ko tawaye ga iyaye, ko mutumin da yake zaɓar wa kansa hanya, sai ta ga jikin yarinyar ba zai ɗauka ba, editoci ma ba za su bari ba. Sai ta ɗora abin a kan namiji, ta kuma kai shi ƙasa mai nisa inda ba wanda zai ce ai 'yar wane ce. Hagio ta taɓa gwada tsara irin wannan labarin a makarantar mata, abin bai gamsar da ita ba, ta mayar da shi na maza. Ni a fahimtata waɗannan samarin na cikin zane ba maza ba ne na gaske, murya ce ta mace aka sa mata wando.

Toma no Shinzo na karanta shi. Ba batsa a ciki. Da mutuwa aka buɗe shi da wata wasiƙa da mamacin ya bari, sauran labarin kuma duk a kan nadama ne da imani da ko mutum zai iya yafe wa kansa. Yana da nauyi, ba na hira ba ne.

Sadiq_Otaku:
Malama kin faɗi mai kyaun kin bar ɗayan. Ita Takemiya babban aikinta Kaze to Ki no Uta ne, daga 1976 zuwa 1984, wanda editoci suka yi shekaru suna ƙin bugawa. Cike yake da cin zarafin yara, ni ban iya gama shi ba kuma ba zan ce wa kowa ya nema ba. A faɗi wannan ma, kar a ɗauka duk na da ɗin tsarkakakku ne.

Malama_Binta:
Haka ne Sadiq, shi ya sa ban kawo shi a matsayin abin karantawa ba.

Maman_Ilham:
Ni fa ta hanyar girki na shiga 😅 Akwai wani mai suna Kino Nani Tabeta na Yoshinaga Fumi, tun 2007 ake buga shi. Mutum biyu ne da suka manyanta suna zaune gida ɗaya a Tokyo, Shiro lauya, Kenji kuma mai gyaran gashi a shago. Shiro irin mutanen nan ne masu riƙon kuɗi, ya yanke yen 25,000 a matsayin kuɗin cefanen wata, ya san ranar da madara take sauka a kanti, idan ganye ya lalace a firji sai ka ce mutuwa aka yi masa. Kowane babi sai an dafa abinci a gabanka daki-daki, har da yawan gishiri.

Wurin da ya fi burge ni: Shiro ya tsaya a kanti gaban wata ƙatuwar kankana da aka karya wa farashi, yana so amma ya san ta fi ƙarfin mutum biyu. Ga wata matar aure a gefe ita ma tana irin wannan lissafin. Sai suka haɗa kuɗi suka raba, daga nan ta zama abokiyar rabon cefanensa. Wallahi sai na tuna yadda muke haɗa kuɗi da maƙwabciyata mu raba kwandon tumatir.

Abin da ke ciki shi ne tsufa, da iyaye da suka fara ciwo, da tunanin wa zai kula da kai in ƙarfi ya ƙare. Shiro ya daɗe yana ɓoye wa mutanen ofishinsa yadda rayuwarsa take, shi kuwa Kenji har kwastomomi yake ba labari, nan ne rigimarsu take. Matsalata ɗaya, girkin da yawa da naman alade ne da giyar shinkafa, sai dai in musanya da kaza in tsallake sauran.

Sadiq_Otaku:
Anti Maman Ilham, gyara kaɗan. Wannan ba a lissafa shi a BL. A mujallar Morning ake buga shi, wadda ta manyan maza ce. Marubuciyar dai ta fito daga wancan fagen, amma shi wannan ɗin daban ne.

Ainihin BL ɗin da ya cika intanet, musamman na shekarun 2000, ni ban ga abin yabo a cikinsa ba. Tsari ɗaya ne. Ɗaya dogo, mai kuɗi, fuska a murtuke, da tafin hannu kamar faranti. Ɗayan ƙarami, manyan idanu, kullum cikin kuka. Har suna suke da shi, babban seme, ƙaramin uke. Babban ya takura wa ƙaramin, ƙaramin ya ce ba ya so, a ƙi saurarensa, bayan babi uku sai a ce mana ai so ne. Junjo Romantica da ya fara a 2002 haka ya buɗe, kuma yana cikin waɗanda suka fi kasuwa. To Malama Binta, ina 'yancin da kike faɗa? Matar da aka ce an gudu daga gare ta, ita ce dai aka dawo da ita, aka rage mata gashi.

Ummu_Sultan:
Sadiq wallahi kana bayanin nan sai na ga kamar littattafanmu na soyayya kake faɗa. Attajiri mai girman kai, 'yar talaka mai kunya, auren dole, mari a babi na biyar, a babi na talatin ya dawo yana kuka yana neman gafara. Kuma su ma mata ne ke rubutawa, mata ke karantawa a waya cikin dare.

Abu_Huzaifa:
Haba Hajiya. Ko me littattafanmu suka yi, namiji da mace ne, kuma a aure ake ƙarewa. Kar a haɗa.

Ummu_Sultan:
Malam ban ce hukuncinsu ɗaya ba. Cewa na yi salon ginin labarin ɗaya ne, kuma tilastawar da ake mayarwa soyayya ba ta da kyau ko a wane littafi ta fito.

Malama_Binta:
@Sadiq_Otaku ban musa ba, da abu ya zama kasuwa sai a yi ta buga abin da ke sayuwa. Amma ka duba ta wannan gefen: mai karatu mace idan tana karanta labarin namiji da mace, dole ta tsaya a wurin macen, duk wulaƙancin da aka yi wa jarumar ita aka yi wa. A nan kuwa tana gefe. Za ta iya shiga ran wannan, ta fita ta shiga ran wancan, ko ta tsaya kallo kawai. Ba maganar ciki, ba maganar uwar miji, ba wanda zai ce ta bar aiki ta zauna a gida. Ina ganin nisan nan shi ake saye.

Issoufou_Damagaram:
Mu nan da Faransanci muke karantawa, Faransa na cikin manyan kasuwannin manga a duniya, kusan komai ana fassarawa. Abin da ba a taɓo ba shi ne, su mazan Japan da rayuwarsu ke nan, me suke cewa? A 1992 wani marubuci a cikinsu, Sato Masaki, ya yi rubutu mai zafi a wata ƙaramar mujallar mata mai suna Choisir, yana sukar waɗannan littattafai cewa sun mayar da irinsu abin wasan mata, kyawawa kawai ake zanawa, ba ruwan kowa da wahalar da suke sha. An yi shekaru ana mayar wa juna martani. Don haka ko a can ba kowa ya yarda da shi ba, kuma sukar ba daga masu addini kaɗai take fitowa ba.

Su suna da nasu manga daban, maza ke zanawa don maza. Ɗaya daga cikin masu zanen, Tagame Gengoro, ya yi wani littafi don kowa da kowa, Ototo no Otto, daga 2014 zuwa 2017. Wani uba ne, Yaichi, yana renon 'yarsa Kana shi kaɗai, sai ga wani ƙaton Bature ɗan Kanada ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce shi ne mijin ɗan uwansa tagwai da ya rasu. Duk littafin a kan abin da ke yawo a zuciyar Yaichi ne. Akwai wuraren da mai zanen zai nuna maka abin da yake so ya faɗa da ihu, sai hoto na gaba ya nuna abin da ya faɗa a zahiri cikin ladabi. Ita kuwa yarinyar tambaya kawai take jefowa ba tare da ta san tana da nauyi ba. Ba soyayya a ciki ma, makoki ne da zumuncin da aka yanke.

Nura_Saitama:
Gaskiya ne, har NHK, tashar talabijin ta ƙasar Japan, ta mayar da shi wasan talabijin a 2018. Kuma kar yawan littattafan ya ruɗi mutane. Dokar ƙasar Japan ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba. Wasu ƙananan hukumomi ne ke ba da takardar shaidar zama tare, Shibuya da Setagaya suka fara a 2015. Da yawan masu karanta BL ɗin a matsayin tatsuniya suke ɗaukarsa, ba ya nufin sun damu da abin a waje.

Baban_Walid:
Ni duk wannan tarihin bai dame ni ba, ku yi haƙuri. Damuwata yara. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare, tana son zane, tana bin manga a wayar mamanta. Bangon waɗannan littattafan ba ya nuna komai, samari ne biyu da furanni. Shafukan da ake karantawa kyauta kuma ba ruwansu da shekaru. Ya uba zai gane?

Sadiq_Otaku:
Baba ka duba ƙananan kalmomin da ake jerawa a ƙarƙashin sunan littafi. In ka ga BL, ko yaoi, ko shounen-ai, shi ne. Amma kar ka tsaya a nan, akwai na namiji da mace da suka fi shi muni, su kuma za ka ga an rubuta ecchi ko hentai ko 18+. Mafi sauƙi ka zaɓar mata da kanka, akwai na wasanni da na girki da na bincike masu yawa.

Nura_Saitama:
A kantunan nan ana naɗe littafi da leda, ba ka buɗewa sai ka saya. Japanawan ma suna rigimar. A 2008 ɗakin karatu na birnin Sakai ya kwashe dubban littattafan BL daga kan kanta bayan ƙorafi, wasu suka taso suka ce wariya ce, aka janye matakin.

Baban_Walid:
Na gode ƙwarai. Yau da dare za a yi binciken waya a gidan nan.

Dije_Kumasi:
Ayya Baba a bi ta a hankali, kar zanen ya fita daga ranta gaba ɗaya.

Khalifa_99:
Tunda ana maganar, Banana Fish fa? Ni na kalli anime ɗin na 2018 a matsayin labarin 'yan daba da ƙwaya a New York, harbe-harbe da makirci. Ash da Eiji aminai na ɗauke su. Sai na shiga intanet na ga kowa na cewa masoya ne.

Zee_Manga:
Shi ma mace ce ta zana, Yoshida Akimi, daga 1985 zuwa 1994, kuma a mujallar 'yan mata aka buga shi. Ba a sa shi a BL ba. Amma Khalifa, wasiƙar ƙarshen nan da Eiji ya rubuta, da abin da ya faru a ɗakin karatu...

Dije_Kumasi:
ZEE! Ina kashi na 14, kar ki ɓata min!

Khalifa_99:
To ai nan ne matsalata. Mu nan aboki yana riƙe hannun abokinsa su tafi masallaci, su kwana ɗaki ɗaya a shago, ya yi kuka ranar da ɗayan zai yi tafiya, ba wanda ya kawo komai a ransa. Masu bin BL sun sa yanzu duk maza biyu da suka shaƙu a anime sai an haɗa su. Naruto da Sasuke ma ba su tsira ba. Ina tsoron ranar da wannan idon zai shigo mana, aminci ya zama abin zargi.

Issoufou_Damagaram:
Wannan haɗe-haɗen ba sabo ba ne. Tun da aka fara kasuwar Comiket a Tokyo a 1975, inda masu sha'awa ke sayar da littattafan da suka zana da kansu, mata ke ɗaukar jaruman manga na maza suna ƙirƙira musu nasu labarin. Rabin ƙarfin BL daga can ya taso, marubuta da yawa a can suka koyi hannu. Amma Khalifa maganarka ta riƙe hannu ta shige ni.

Abu_Huzaifa:
Kun ga abin da nake faɗa. Da "tarihi ne", da "girki ne", da haka ido yake sabawa, zuciya ta daina ƙyama. Ban zagi kowa ba, amma ni shawarata a nisanta. Manga bai ƙare ba.

Maman_Ilham:
Malam Abu na girmama ra'ayinka, kuma aƙidata tana nan inda take. Amma na karanta labaran 'yan fashi da na matsafa ban zama ko ɗaya ba. Sanin yadda wasu mutane ke rayuwa a wata ƙasa daban, yarda da shi daban. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya bari, wannan ma daidai ne.

Abu_Huzaifa:
Labarin ɗan fashi ba a rubuta shi don ki so fashi ba, Hajiya. Wannan kuwa an zana shi ne don ki yi fatan su daidaita.

Maman_Ilham:
Wannan kam magana ce. Zan yi tunani a kai.

Malama_Binta:
Zee, in koma kan tambayarki. Akwai wani manga na Tsurutani Kaori, Metamorphose no Engawa, da ya fara a 2017. Shi ba BL ba ne, labarin masu karanta shi ne. Wata tsohuwa 'yar shekara 75 da mijinta ya rasu ta shiga kantin littattafai, ta ɗauki wani littafi don bangonsa ya yi mata kyau, ba ta san ko na mene ne ba. Ta karanta, ta dawo neman na biyu. Yarinyar da ke aiki a kantin, wadda take ɓoye nata a kwali don kunya, sai ta samu wadda za ta yi hira da ita. Tsohuwar har lissafi take yi, littafi ɗaya yana ɗaukar fiye da shekara kafin ya fito, ko za ta kai ta ga ƙarshen labarin. Kusan duk abin da ke ciki zaman mata biyun nan ne a baranda suna shan shayi suna gardama a kan jarumai. Ina ganin wani ɓangare na amsar ke nan, abin ya zama wurin haɗuwar mata, inda maza ba sa leƙowa.

Sadiq_Otaku:
Sai dai ga mu mun leƙo 😂 Ni dai har yanzu ina kan bakana, kashi mafi yawa labarin ba ƙarfi, zanen hannaye kuma abin tausayi.

Zee_Manga:
Na gode muku duka. Amma Malama, in dai don a guje wa iyakar da aka yi wa jaruma mace ne, yanzu ai akwai manga da yawa masu jarumai mata masu ƙarfi, mata ke zana su, ba editan da ke hanawa. Me ya sa kasuwar BL ba ta ragu ba, sai ma yaɗuwa da ta yi har Tailan da Koriya da China?

Issoufou_Damagaram:
Na China kuma wani babi ne, can har ɗauri ake yi. A 2018 an yanke wa wata marubuciya shekara 10 a kan irin wannan littafin.

Malama_Binta:
Zee sai na dawo daga makaranta, amsar tana da tsawo. Sadiq kar ka gudu, da kai zan fara.